Tsoho a kan motar yankan ciyawa, da daren da Baba ya ƙi tashi

Ranar Juma'ar da ta wuce da daddare na kunna wani tsohon fim a falo, ni kaɗai na yi niyyar kallo, amma gidanmu in dai talabijin ta yi ƙara sai ka ga ana shigowa ɗai-ɗai, kafin minti goma ga ƙanena da abokinsa, ga matata, ga Inna da tasbaharta, can sai ga Baba ya dawo daga sallar isha'i ya zauna a kujerar bakin ƙofa kamar mai shirin tashi yanzu-yanzu. Sunan fim ɗin The Straight Story, na 1999 ne, David Lynch ne ya ba da umarni, wanda ya rasu a Janairun 2025. Masu bin finafinansa sun san shi da abubuwa masu rikita kai da ban tsoro, shi ya sa lokacin da wannan ya fito mutane da yawa suka yi mamaki, fim ne shiru-shiru wanda har Disney ce ta raba shi a Amurka.

Labarin kuma da gaske ya faru. A 1994 wani dattijo mai suna Alvin Straight, ɗan shekara 73, a wani ƙaramin gari Laurens a jihar Iowa, ya ji labarin ɗan'uwansa ya samu shanyewar ɓarin jiki a jihar Wisconsin. Idonsa ya yi rauni ba shi da lasin tuƙi, ƙafafu sai da sanda, sai kawai ya hau motar yankan ciyawa ƙirar John Deere ta 1966, ya ɗaura mata 'yar tirela a baya ya zuba kayan kwana da abinci, ya kama hanya. Mil 240, wajen kilomita 390 kenan, ya kusa nisan Kano zuwa Abuja, a kan abin da gudunsa bai wuce kilomita 8 a awa ba. Sati shida ya yi a hanya. A fim ɗin an nuna shekara goma ba sa magana da ɗan'uwan.

To daga nan aka fara. Ƙanena ko rabin awa bai yi ba ya fara mita, wai wannan wane irin fim ne babu abin da ke faruwa, gonar masara, tsoho, gonar masara, tsoho, wai da fassarar Indiya ce da yanzu an yi faɗa uku an yi waƙa biyu. Abokinsa ya ce a danna gaba mu ga ƙarshe kawai. Ban ba su rimot ba. Gaskiya ban ga laifinsu sosai ba, yaran nan sun saba da bidiyon sakan talatin a TikTok, kuma fim ɗin kusan awa biyu ne yana tafiya da gudun motar nan, kyamara ta tashi sama ta nuna gajimare ta sauko ka ga tsohon ko taku goma bai ƙara ba. Sai da suka kai wajen da birki ya ƙwace masa a gangara sannan suka ɗan gyara zama, da aka wuce wajen suka koma kan wayoyinsu.

Matata ita 'yar tsohon ce ta tsaya mata a rai, wadda Sissy Spacek ta fito a matsayinta, mai in'ina, wadda hukuma ta karɓe mata 'ya'ya, tana tsaye a taga tana kallon wani yaro yana wasa da ƙwallo. Ta ce ita wannan tagar kaɗai ta ishe ta kuka. Inna kuwa tun da na fassara mata cewa shekara goma ba sa magana ta ajiye tasbaha ta ce subhanallahi, ai Annabi (SAW) ya hana mutum ya ƙaurace wa ɗan'uwansa sama da kwana uku. Ta faɗa da ƙarfi fa. Kuma duk wanda ke falon ya san ba da Bature take ba.

Don Baba da Baffa, uwa ɗaya uba ɗaya, bana shekara goma sha ɗaya ba su gaisa ba. Gonar gado ce, an raba, wani ya ce an ci iyaka, aka yi maganganu a gaban mutane waɗanda ba sa maiduwa. An yi biki an yi suna an yi rasuwa, in wannan ya zo wancan sai ya aiko. Mu 'ya'ya muna gaisawa a WhatsApp a ɓoye kamar masu laifi.

Ni ke yi wa Baba fassara, kaɗan-kaɗan, don fim ɗin ma ba shi da yawan magana. Akwai wajen da tsohon ya haɗu da wata yarinya mai ciki da ta gudu daga gida, ya ba ta labarin yadda yake ba 'ya'yansa kara ɗaya su karya, sannan ya ɗaure da yawa ya ce su gwada. Inna ta ce ai tsintsiya kenan, maɗaurinki ɗaya, ashe su ma sun sani. Baba bai ce komai ba. Akwai kuma wajen da ya zauna da wani tsohon soja irinsa suna tuna yaƙin duniya na biyu, ya faɗi abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba, cewa ya harbe wani na ɓangarensu bisa kuskure kuma har aka gama yaƙi babu wanda ya sani. A nan na ga Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Wallahi tunda nake ban taɓa ganin ya kalli wani abu a talabijin in ba labarai ko tafsiri ba.

Abin da ya jawo gardama shi ne lokacin da wani mutumin kirki ya ce wa tsohon ya bari ya kai shi a mota, tafiyar ba ta da yawa a mota, shi kuma ya ƙi. Ƙanena ya ɗago ya ce kun gani ko, taurin kai ne kawai, mutum ɗan'uwansa na kwance zai iya mutuwa kowane lokaci shi yana nan yana jan jiki. Kuma maganarsa da ƙamshin gaskiya, ni ma na taɓa tunanin haka. Sai Baba ya yi magana karon farko, bai ma juyo ba, ya ce kai yaro ne, in aka kai shi a mota yau-yau me zai ce masa in ya isa, ai bai gama haɗiye abin da ke wuyansa ba. Falon ya yi tsit.

Ni dai a nan na tsaya. Jinkirin da yara ke ƙorafi a kai shi ne fim ɗin gaba ɗaya, duk kilomita ɗaya tsohon na sauke wani abu ne, girman kai da fushi da abin da ya faɗa da wanda aka faɗa masa, kuma fim ɗin bai taɓa gaya mana ainihin kalaman da suka raba su ba, tsohon dai ya ce labari ne irin na Habila da Ƙabila. Shi kansa jarumin, Richard Farnsworth, yana da shekara 78 yana fama da ciwon daji da ya kama masa ƙashi lokacin ɗaukar fim ɗin, wahalar tashi da zaman da kake gani ba wasa ba ne, ya shiga jerin 'yan takarar Oscar da shi, ya rasu a 2000.

Ƙarshen ko minti biyar bai kai ba. Ya isa wani ɗan gida na katako, ya kira sunan ɗan'uwan, ya fito da abin dogarawa, suka zauna a baranda, ɗan'uwan ya kalli motar nan ya tambaye shi ko a kanta ya zo don ya gan shi, ya amsa. Shi kenan, suka ɗaga kai sama. Abokin ƙanena ya ce au, an gama? Inna tana share ido da gefen mayafi.

Baba ya tambaye ni shi tsohon na gaske ya daɗe bayan tafiyar? Na ce shekara biyu, a 1996 ya rasu. Ya mayar da hularsa ya ce sai da safe.

Har yau da nake rubutun nan bai kira Baffa ba, bai kuma ce zai je ba. Jiya dai Inna ta ja ni kicin ta rage murya ta ce ya tambaye ta ko Baffa har yanzu yana fama da ciwon ƙafar nan, kuma wai nawa ne kuɗin mota zuwa gida yanzu.