Zinaren da aka ƙwace daga hannun Ramón

Ina da ƙane da ya haura shekara ashirin, amma har yau in za a aike shi kanti sai Inna ta rubuta saƙon a takarda, ta ƙulle masa kuɗin cif-cif, don lissafin canji ya fi ƙarfinsa. Sai dai fa a gudu, kaf unguwarmu babu mai shan gabansa. Shi ya sa duk sanda na tuna abin da Sifaniya ta yi a birnin Sidni na ƙasar Ostireliya a 2000, sai in ji kamar gidanmu aka shigo aka yi sata.

A gasar nakasassu ta duniya ta wannan shekarar, an buga ƙwallon kwando na masu raunin ƙwaƙwalwa. Sifaniya ta je da 'yan wasa 12, ta lallasa Rasha a wasan ƙarshe da ci 87 da 63, ta rataya zinare. Ashe goma daga cikinsu lafiyarsu ƙalau. Ɗaya ma ɗan jarida ne, Carlos Ribagorda, wanda yana komawa gida ya fasa ƙwai a mujallar Capital.

Ya ce iyakar gwajin da aka yi masa shi ne awon hawan jini, sai kuma aka sa shi ya kifa ciki ya ɗaga jikinsa da hannuwa sau shida. Shi ke nan, ya zama nakasasshe. Ya kuma ce a wasansu na farko, da suka ba abokan karawarsu ratar da ta wuce misali, kocinsu ya ja su gefe ya ce su sassauta kada a gano su. Wannan wurin ya fi ci mini rai. Kenan a fili ana ganin bambancin, har sai da aka yi ta ɓoye shi.

Wanda ya rasa ƙafa, ido ne shaidarsa. Raunin ƙwaƙwalwa kuwa a takarda yake, takarda kuma duk mai hatimi yana iya rubuta ta. Nan ɓarakar take. Lambobi suna jawo tallafin gwamnati da kuɗin kamfanoni, sai kwaɗayi ya yi aikinsa.

To wa ya biya bashin? An karɓe lambobin duka, har da na kyaftin ɗin ƙungiyar, Ramón Torres, ɗaya daga cikin biyun da lalurarsu ta gaskiya ce. Bawan Allah ya yi atisaye da zuciya ɗaya, ya buga da zuciya ɗaya, aka ce ya dawo da abin da ya ɗauka guminsa ne.

Bai tsaya nan ba. A 2001 kwamitin gasar ya dakatar da masu raunin ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, daga kowace ƙasa. Babu su a Atens a 2004, babu su a Bejin a 2008. Sai a Landan a 2012 aka sake buɗe musu ƙofa, shi ma a guje-guje da tsalle-tsalle, ninƙaya da ƙwallon tebur kawai. Ƙwallon kwandon nasu har yau bai dawo ba. Yarinyar da take tashen gudu tana da shekara 22 a Sidni, kafin Landan ta kai 34, ƙafa ta yi nauyi. Ina kallon ƙanina in yi tunanin yadda zan fahimtar da shi cewa an hana shi tsere saboda ƙaryar waɗansu masu cikakken hankali da bai taɓa gani ba. Wallahi ban san ta inda zan fara ba.

Shari'a kuwa sai 2013 ta ƙare a Madrid. Shugaban hukumar da ta tura ƙungiyar, Fernando Martín Vicente, ya ɗauki laifin a kansa, aka sallami sauran waɗanda ake tuhuma. Aka ce ya mayar da tallafin da ya haura yuro 140,000, sannan aka ci shi tarar yuro 5,400.