Mako na huɗu da Transform: ma'ajiya uku ce, biyu kawai ake gadi

'Yan'uwa masu koyo, barkanmu da war haka. Mako na huɗu ke nan ina zaune kan magudanan bayanai (streams) a Node.js, manhajar da ke gudanar da shirye-shiryen JavaScript a kan sabar, kuma sai a wannan makon ne abin ya fara zauna mini a kai. Shi ya sa na ce bari in rubuta tun da zafinsa, ko wani da ke kan hanya ɗaya da ni ya samu sauƙi.

Aikin da na ɗora wa kaina ba mai yawa ba ne. Akwai fayil da sabar ke rubuta duk abin da ya faru a cikinta, layi bayan layi, ya kumbura har ya haura gigabait 2. So nake in tsamo layukan da ke ɗauke da kuskure kaɗai, in matse su da gzip, in ajiye. Da na fara da `fs.readFile`, nan take ya ƙi, domin ba ya karanta fayil da ya wuce gigabait 2 a ɗauka ɗaya. Ko da ma ya yarda, kwashe wannan lodi duka a jibge a ƙwaƙwalwar kwamfuta ba dabara ba ce. Dole sai magudana: a karanto kaɗan, a sarrafa, a tura gaba, a karanto na biye.

Iri huɗu ne magudanan, `Readable`, `Writable`, `Duplex` da `Transform`, kuma wannan tsarin ya shigo ne da Node 0.10 a 2013. Na ƙarshen ne namu. Baki biyu gare shi, ta ɗaya ake zuba masa, ta ɗayan ake ɗiba, kuma abin da ke fita daga abin da ya shiga aka samar da shi. `zlib.createGzip()` da muke kira kullum shi ma irinsa ne.

Tuntuɓen farko da na yi shi ne zaton da na yi cewa layi-layi bayanan za su riƙa iso mini. Ba haka ba ne. `fs.createReadStream` gutsure yake yankowa na bait 65,536, ba ruwansa da inda layi ya fara ko ya ƙare. Kusan kowane gutsure a tsakiyar layi yake yankewa, kan layin yana wannan, wutsiyarsa tana na gaba. Maganin shi ne ka riƙe guntun da bai cika ba a hannunka, ka manna shi a gaban gutsuren da ke tafe. Ni na sa masa suna `saura`. Sannan kada ka manta da `_flush`, wanda ake kira sau ɗaya idan bayanai sun ƙare; in babu shi, layin ƙarshe na fayil zai ɓace matuƙar ba a rufe shi da alamar sabon layi ba.

Na gyara wannan, na ɗauka an gama. Sai na riƙa ganin wata baƙar alama mai ayar tambaya a ciki tana ɓullowa jifa-jifa a saƙonnin da aka rubuta da Hausa. Ba kullum ba, kuma ba a kowane layi ba. Ruwa ba ya tsami banza, don haka na buɗe fayil ɗin a matsayin bait tsagwaronsu na bi sawu. Ashe haruffanmu masu lanƙwasa ne. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bait biyu ne, C6 da 99. Ƙaramin ɗ kuma C9 da 97. Idan wuƙar ta faɗa daidai tsakanin biyun, C6 ya zama na ƙarshe a wannan gutsure, 99 ya zama na farko a na gaba. Ni kuwa ina kiran `toString()` a kan kowane gutsure shi kaɗai, sai kowane rabi ya zama harafin da ba a gane ba. Wanda rubutunsa duk haruffan bait ɗaya ne zai iya shekara bai gamu da wannan ba, mu kuwa yana jiranmu a kowace kwana. `StringDecoder` ne ya raba gardama: yana riƙe rabin harafin har ɗan'uwansa ya iso. Ga yadda zuciyar aikin ta koma:

```js
_transform(gutsure, _, callback) {
  const rubutu = this.saura + this.decoder.write(gutsure);
  const layuka = rubutu.split('\n');
  this.saura = layuka.pop();
  for (const layi of layuka) {
    if (layi.includes('ERROR')) this.push(layi + '\n');
  }
  callback();
}
```

Ku dubi `callback()` ɗin nan da kyau, domin shi ne ƙofar gidan gaba ɗaya. Sai ka kira shi ake miƙo maka gutsure na gaba. Akwai ranar da na sa wani sharaɗi ya fice da wuri ba tare da ya kira shi ba, shirin ya rufe kansa shiru, babu ƙorafi, babu saƙon kuskure, fayil ɗin da ya fito kuma rabi. In ka kira shi sau biyu ma da sauƙi, za a faɗa maka da `ERR_MULTIPLE_CALLBACK`. Rashin kiran ne ba ya barin shaida.

To, yanzu ga abin da ya cinye mini yawancin makon, kuma shi ne dalilin wannan rubutu.

Kowane `Transform` ma'ajiyar wucin gadi biyu yake da ita a ciki: ɗaya a bakin shiga, inda gutsattsarin da ba a kai ga sarrafawa ba suke layi, ɗaya a bakin fita, inda abin da ka tura da `push` yake jiran mai ɗiba. Kowacce tana da ma'auni da ake kira `highWaterMark`. Shekaru da dama bait 16,384 ne, Node 22 ya ɗaga shi zuwa 65,536. Kana iya duba na injinka da `stream.getDefaultHighWaterMark(false)`. Idan mai ɗiba ya yi nawa, ma'ajiyar fita ta cika, sai Node ya riƙe amsar `callback` ɗinka, ya ƙi sanar da bakin shiga cewa an gama. Daga nan ma'ajiyar shiga ta cika ita ma, `write()` ya dawo da `false`, mai karanta fayil ya dakata. Da mai ɗiba ya rage kaya, sai a saki `drain`, wato sanarwar cewa wuri ya samu, komai ya ci gaba da gudana. Wato cunkoson da ke can ƙarshen layi shi ke komowa baya mataki-mataki har ya tsayar da mafari. Na karanta wannan bayanin ya fi a ƙirga, amma gani ya kori ji. Na haɗa wani `Writable` na gwaji mai jinkirta kowane rubutu da `setTimeout`, na sa ana buga mini `readableLength` da `writableLength`, wato yawan abin da ke cikin ma'ajiyar fita da ta shiga, a kai a kai. Ina kallo ta fita ta cika, ta shiga ta biyo baya, karatu ya tsaya cak. Duk wanda ke koyon wannan, ina roƙonsa ya yi wannan gwajin da hannunsa, bai fi layi ashirin ba.

A wannan gwajin ne na ga abin da ban zata ba. Na kunna `readableObjectMode` don kowane layi ya fita a matsayin abu guda, na kuma cire tacewar don duka su wuce. A wannan yanayi ma'aunin abubuwa 16 ne, ba bait ake ƙirgawa ba. Na sa ran lambar ba za ta wuce 16 ba, sai ga ta a ɗaruruwa. Lissafin a fili yake: gutsuren bait 65,536, in kowane layi bait 100 ne, layuka 655 ke nan, kuma madaukin `for` ɗina yana tura su duka kafin ya kai ga `callback`. Tun daga na 16 `push` ke dawo da `false`, amma bai hana komai shiga ba. `highWaterMark` ba katanga ba ce, alama ce kawai ta cewa a dakata, kuma tsakanin gutsure da gutsure ake duba ta, ba a tsakiyar guda ba. Ga layukan fayil irin nawa wannan ba matsala ba ce. Amma ku yi tunanin magudanar da ke mayar da ɗan ƙaramin abu ya zama mai girman gaske, kowane gutsure ya haifi ninkinsa ɗari. A nan lambar da ka sa a ma'auni ba za ta cece ka ba.

Sai ta ukun, wadda ta fi tayar mini da hankali: `saura`. Ita ma ma'ajiya ce, ni na gina ta da hannuna, kuma Node bai san da zamanta ba. Na gwada da fayil da babu alamar sabon layi ko ɗaya a cikinsa. Ba a tura komai waje ba, saboda haka ma'ajiyar fita fayau take, `callback` yana dawowa nan take, mai karatu yana ta kwararowa iya ƙarfinsa. Ma'aunan biyu suna nuna lafiya lau, alhali `process.memoryUsage().rss` hawa kawai yake yi, domin fayil ɗin gaba ɗaya yana taruwa a cikin `saura`. Abin da na guje wa tun farko, shi na dawo na gina a ɓoye. A kan sabar da ke karɓar bayanai daga mutanen waje wannan ƙofa ce a buɗe, duk mai mugun nufi zai iya turo layi marar ƙarshe ya durƙusar da ita. Yanzu na sa iyaka: in `saura` ta haura megabait 1, sai in kira `callback` da kuskure, a tsayar da aikin. A ganina duk `Transform` da ke riƙe wani abu tsakanin gutsattsari ya kamata ya samu irin wannan iyaka tun ranar da aka rubuta shi.

Wannan kuskuren ne kuma ya raba ni da `.pipe()`, wanda da shi nake haɗa magudanan a jere. Idan na tsakiya ya faɗi, `.pipe()` ba ya rufe mafari, fayil yana nan a buɗe. `pipeline`, wanda ya zo da Node 10, yana rushe su duka ya miƙo maka kuskuren a wuri ɗaya, kuma akwai na `stream/promises` da ake jira da `await`.

Mako mai zuwa zan sake rubuta mai raba layukan da `async function*` a cikin `pipeline`. A can kowane `yield` yana iya jiran mai ɗiba kafin a ci gaba, don haka ina sa ran cunkoson ɗaruruwan nan zai ragu sosai. Zan auna saurin hanyoyin biyu a kan fayil ɗaya, in kawo muku abin da na gani. Wanda kuma ya taɓa sa wa `saura` iyaka ta wata hanya, musamman yadda za a jefar da dogon layi a ci gaba ba tare da tsayar da aikin duka ba, don Allah ya nuna mini yadda ya yi.