Kududdufi da madatsar ƙasa: inda aikin ke ɓaci

Tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina ba su rasa kududdufi. Ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne, da damina kuma shi ke shanye ruwan unguwa. Yau an cike da yawa da shara an yanka filaye. Ruwan kuwa bai fasa zuwa ba, sai dai ya kwana a ɗakunan mutane.

Mai son haƙa sabo ya fara da lissafi. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta guda lita 10,000 ne. In aka zuba milimita 50 a dare ɗaya kan hekta 10, rabi ya gangaro, ana bukatar rami mai tsawon mita 50, faɗin 25, zurfin 2. Unguwar da kwano da siminti suka rufe, abin da ke gangarowa ya wuce rabi.

In kwari za a datse da bangon ƙasa, a kankare ciyawa da saiwoyi tukuna, a haƙa rami a tsakiyar inda bangon zai zauna har a taras da ƙasa mai tauri, a cike shi da yumɓu. Gwajin ƙasa a hannu yake: a jiƙa, a murza ta kamar igiya. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. Ana zubawa kaurin santimita 15, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Nan ake ha'inci. Tifa ta juye tuli guda, a baje sama, ido ya ga bango, ciki kuwa gari ne. Gefen ruwa ya kwanta mita 3 ga kowace mita 1 ta tsayi, bayan kuma mita 2 zuwa 2 da rabi, a dasa masa kirikiri.

Mafitar rarar ruwa ita ce ran madatsa. A gefe ake yanka ta, cikin ƙasar asali, a shimfiɗa duwatsu, bakinta ya gaza kan bango da kamar mita guda. Ruwa in ya haura bangon ƙasa, cinye shi yake yi ta baya cikin sa'o'i. Manyan ma ba su tsira ba: madatsar Bagauda ta ɓalle a 1988, ta Alau ta shanye Maiduguri a Satumbar 2024.

A riƙa zagaya bayan bango. Tsattsafi garau da sauƙi, amma in ya fito da laka, ruwa ne ke yashe cikin bangon, a rage ruwan madatsar nan take. Gidan gara da ramin gafiya da saiwar bishiya duk ƙofa ce.

Tafkin tare ambaliya kuma ba na ajiya ba ne. A sa bututu a ƙasa ya tsiyaye cikin kwana biyu ko uku, don wanda ya cika ba ya karɓar ruwan gobe, sai sauro. Da rani a yashe lakar, manoma ma so suke.