Kafin ka sa kwamfuta ta yi hasashen makomar daji

Ƙannena da kuka kammala digirin digirgir kuna neman gurbin binciken da ke biye da shi, musamman masu sha'awar hasashen makomar dazuzzuka da kwamfuta, ku ba ni aron hankalinku. Aikin yana da daɗi, kuma ana buƙatarsa. Za ka tattara bayanan ruwan sama da zafi da hotunan tauraron ɗan'adam, ka haɗa da yawan jama'a da hanyoyi da gonaki, ka gina lissafin da zai nuna wane daji ne zai farfaɗo bayan fari, wanne ne kuma ya tafi ke nan. Sai dai duk abin da ka ɗora wa lissafin a matsayin gaskiya, shi zai dawo maka da shi cikin taswira mai launi. Ni na ɗora wa nawa abin da ban bincika ba.

Na ɗauka mutum ɓarna kawai yake wa daji. Duk inda jama'a suka ƙaru, sai lissafina ya rage itatuwa: ga gatari, ga akuya, ga sassabe. Ban ƙirƙiro wannan tunani daga kaina ba. A dajin Amazon na Kudancin Amurka haka abin yake zuwa. A 2022 masu bincike Chris Boulton da Tim Lenton da Niklas Boers sun nuna cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan daji ya rage ƙarfin farfaɗowa tun farkon shekarun 2000, kuma abin ya fi tsanani a wuraren da ke kusa da ayyukan mutane da waɗanda ruwa bai wadace su ba. Dabararsu ta burge ni ƙwarai. Dajin da ya kusa durƙushewa yakan daɗe bai dawo daidai ba bayan kowace wahala, kamar tsohon da mura ke kwantarwa mako biyu alhali da can kwana biyu take masa. Sai na kwaso wannan tunani ɗungurungum na kawo Sahel, ban tsaya na tambayi kaina ko mutumin da ke share daji don kiwon shanun kasuwa a Brazil ɗaya yake da manomin gero na Aguie da ke jihar Maraɗi a Nijar ba.

Lissafin ya ce kudancin Maraɗi da Damagaram, inda jama'a suka fi cunkushewa, nan ne itace zai fara ƙarewa. A nan ne kuwa aka samu farfaɗowar da ta ba duniya mamaki: kimanin hekta miliyan 5, itatuwa wajen miliyan 200, tun bayan farin 1984. Ba dashe aka yi ba. Manomi ne ke zuwa kan kututturen kalgo ko sabara da ya tofo, ya zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, ya sare sauran, ya riƙa yi musu aski har su miƙe. Sassaben zamani suke ce masa. Masanin noma Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗa shi a Maraɗi daga 1983, Gray Tappan da Chris Reij kuma suka tabbatar da girmansa ta hanyar kwatanta hotunan sama na 1975 da na shekarun 2000. Tun kafin su, Michael Mortimore ya nuna cewa gonakin kewayen Kano, duk da cikar jama'a, suna riƙe da itatuwansu. Duk wannan a rubuce yake lokacin da nake gina lissafina. Ban karanta ba, don na raina shi a matsayin aikin masana zamantakewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gawo. Ina auna koren ƙasa a tsakiyar damina, don ka'idar da na koya ta ce a nan ne tsiro ke kai ƙarshen ƙarfinsa. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganyensa, ya tsaya tsirara gero na girma a ƙarƙashinsa, sai rani ya shigo ya yi kore shar. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan, ni ma na sani, amma da na zauna gaban kwamfuta sai sanin ya tsaya a bakin ƙofa. Wani dattijo ne ya tsayar da ni gindin wani gawo, ya ɗebo ƙasa baƙa ya zuba mini a tafin hannu, ya nuna kashin awakin da ke taruwa a inuwar da rani. Ya ce, "Malam, ka duba zangarniyar nan, ka duba ta can." Ta gindin gawon ta fi kauri nesa ba kusa ba. A taswirata, gonarsa fili ce fayau.

Don haka ka san abin da hotonka ke iya gani. Taswirar dazuzzukan duniya da Matthew Hansen da abokansa suka fitar a 2013 ta dogara da hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat, inda kowane ɗigo ke wakiltar mita 30, kuma abin da ya haura mita 5 take kira itace. An yi ta ne don daji mai duhu. Itacen da ke tsaye shi kaɗai a gona sai ya ɓace mata. Da Martin Brandt da abokansa suka yi amfani da hotuna masu ɗigon rabin mita a 2020, sun ƙirga itatuwa sama da biliyan 1.8 a yankin Sahara da Sahel na Afirka ta Yamma mai faɗin murabba'in kilomita miliyan 1.3.

Sannan ka sa dokar mallaka cikin lissafinka, ko da auna ta da wuya. Muddin manomi na ganin itacen gonarsa na gwamnati ne, kuma ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara in ya yanki reshe, to tsiron zai tumɓuke tun yana ƙarami. Da aka sassauta a Nijar, har dokar daji ta 2004 ta zo, sai ya fara rainonsa. Ruwan sama bai isa ya bayyana wannan ba. Ba ina cewa ka rufe ido ga masu sarar dazuzzuka don gawayi ba, wannan ɓarna ce ta gaske. Ka bar lissafinka ya iya ɗaukar mutum mai sara da mutum mai raino, bayanan fili su raba gardama.

Wani tuntuɓen kuma na sana'a ne. Na gwada ingancin lissafina da ɗigogin da ke maƙwabtaka da waɗanda na koyar da shi, sakamako ya yi kyau har na yi murna. Da na gwada shi a wata jiha dabam, sai ya watse. Ka ware yanki guda cif tun farko, kada ka taɓa shi sai ranar gwaji.

Gurbin irin wannan bincike yawanci shekara biyu ne ko uku, kuma matsin fitar da takarda zai sa ka ga zuwa ƙauye ɓata lokaci ne. Ka rubuta kuɗin tafiyar cikin kasafi tun ranar farko, ka je da rani ka kuma je da damina. In taswirar ta fito, ka buga ta babba a takarda, ka shimfiɗa ta gaban manoman wurin kafin ka tura wa kowace mujalla, ka ba su alƙalami su zagaye inda ba su yarda ba.