Inda aka kwana a karatun alamomin fim ɗin Maya Deren

'Yan uwa masu koyo, yanzu muna kan Meshes of the Afternoon, gajeren fim na kusan minti 14 da Maya Deren da mijinta Alexander Hammid suka ɗauka a Los Angeles ta Amurka a 1943. Asalinsa babu sauti, sai a 1959 Teiji Ito ya sa masa kiɗa. Don haka kallon farko a kashe sauti, kada kiɗan ya tsara muku abin da za ku ji a rai.

Aikin shi ne a ja layi huɗu a takarda: minti nawa, wane abu ya fito, a hannun wa, me ya biyo baya. Abubuwa biyar ake bi: fure, makulli, wuƙa, wayar tarho da aka bari a ɗage, da mai baƙin mayafi wanda madubi ne fuskarsa. Kada a rubuta ma'ana tukuna.

Makullin ya fi ba da aiki. Da farko ya suɓuce daga hannun matar da fim ɗin yake bi, ya gangara matakala, makulli ne kawai. Bayan barci ya ɗauke ta a kujera, sai ga shi yana fitowa daga bakinta, can kuma ya rikiɗe ya zama wuƙa a tafin hannunta. Wuƙar nan kuwa ita ce wadda aka fara gani soke a jikin burodi. Ma'anar tana cikin wannan sauyin: abin da ke buɗe mata gida shi ne ya koma makami, kayan gida na yau da kullum suna juya mata baya.

Inda ake yawan kuskure shi ne ɗauko littafin fassarar mafarki a ce makulli kaza ne, wuƙa kaza ce. Fim ɗin da kansa yake gina ma'anarsa ta hanyar maimaita abubuwan da suka faru, duk zagaye da ɗan bambanci. Wasu kuma su kafe sai sun gano inda mafarki ya ƙare, farke ya fara. Wannan wahalar banza ce, an goge iyakar da gangan.

Saura mai madubin. A lura matar ba ta taɓa cim masa a hanya, sannan daga baya fuskar wani namiji da ya tashe ta daga barci ce ta tarwatse kamar gilashi, teku ya bayyana. Kowa ya jera fitowar madubi duka kafin ya yanke hukunci.