Yadda nake saƙala herin mai rai a ƙugiya a tafkin Lanier

Tafkin Lanier yana arewa maso gabashin Atlanta ne a jihar Jojiya ta Amurka, dam ɗin Buford da aka kammala a 1956 a kan kogin Chattahoochee shi ya tara ruwan, kuma nan nake zuwa fatsa duk sanda aiki ya ɗan sake ni. Kifin da muke bi shi ne bas mai zane-zane a jiki, wanda 'yan nan suke cewa sitiraifa, sai wani bas ƙarami mai ɗigo-ɗigo. Wanda ya san giwan ruwa ya san halin sitiraifa, mafarauci ne, abu mai motsi yake so. Abincinsa a nan kuwa herin ne, wani siririn kifi mai sheƙi, bayansa shuɗi-shuɗi, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa da rabi ba.

To ni dai abin da na gano shi ne, duk wahalar tana wajen raya herin ɗin nan. Kifi ne mai saurin mutuwa wallahi, da ka kama shi da busasshen hannu ɓawon jikinsa zai manne maka a tafi, shikenan ka gama da shi ko da yana motsi. Da asuba nake saye a shagon masu ƙoto, dozin-dozin suke sayarwa, in zuba a tanki mai zagaye wanda famfo ke juya ruwan ciki. Zagaye fa nace, don in mai kusurwa ne sai su taru a lungu suna dukan bango har hancinsu yayi ja, kuma herin mai jan hanci ya riga ya galabaita. Ina zuba gishiri mara aidin, in kuma lokacin zafi ne sai in jefa robar ruwa da ta daskare a ciki, bana zuba ƙanƙarar shago kai tsaye saboda sinadarin da ke cikin ruwan famfo.

Sai saƙalawar. In jiƙa hannu, in ɗebo guda ɗaya da 'yar raga, in riƙe shi sako-sako, in zura bakin ƙugiya ta ƙofar hancinsa ɗaya ta fito ta ɗayar, can gaban idanu inda akwai ɗan guringuntsi. In ka matsa baya kaɗan ka taɓa ƙwaƙwalwa, in ka haɗe leɓen sama da na ƙasa ka rufe masa baki bazai iya shaƙar ruwa yadda ya kamata ba. Ƙugiya ƙarama nake sa, lamba 1 ko 2, irin mai lanƙwasa ciki, domin babba nauyi take masa sai ka ga yana iyo a karkace. Kafin in sake shi sai na duba ko wani ɓawo ya maƙale a tsinin, ɗan wannan abin yana hana ƙugiya shiga. Duk wannan cikin 'yan daƙiƙoƙi ne fa.

Daga Yuni zuwa Satumba saman ruwa yana zafi, sitiraifa sai ya gangara ƙasa wajen ƙafa 30 zuwa 60 har fiye, musamman ɓangaren kudu kusa da dam. Nan nake sa dalma mai oza 2 wadda ke zamewa a jikin zare, sai ɗan ƙarfe mai juyawa, sai zaren fulorokabon, wani zaren roba mai wuyar gani a ruwa, kamar ƙafa 6 zuwa ƙugiya. Kuma da sauri ake sake shi ƙasa, kar ya daɗe a ruwan ɗumin sama. Na'urar ganin kifi tana nuna min zurfin da suke, sai in tsayar da ƙoton a ɗan samansu tunda sama suke kallo in zasu kai hari. Ina yawan canza shi, wasu suna ganin asarar kuɗi ce, ni kam gara in ƙarar da dozin uku da in zauna ina gadin mushe a ƙasan ruwa.

A watan Afrilu da Mayu kuwa, lokacin da herin ke zuba ƙwai a bakin gaɓa da sassafe, ba dalma sam, zare kawai nake saki can bayan jirgi ina jan sa a hankali da ƙaramin inji mai batir, herin da kansa yake iyo inda yaga dama.

Da sanda ta lanƙwasa kar ka fizga, irin wannan ƙugiyar naɗe zare kawai take so, ita zata kama gefen baki da kanta. Amma ka ɗago kifin da wuri, don akwai itatuwa tsaye a ƙasan tafkin tun kafin a cika shi, sitiraifa kuma can yake nufa ya tsinke zare. Sauran herin da ya rage bana kai shi wani ruwa daban, shi kansa Lanier ba hukuma ce ta zuba shi ba, mutane ne suka shigo da shi a shekarun 1990.