Na sayi babur ɗin ƙanƙara daga kamfanin da ake wa zaman makoki

Duk wanda ya ji na sayi babur ɗin Arctic Cat, irin wanda ake hawa a kan dusar ƙanƙara, a watan Fabrairun 2025, tambayarsa ɗaya ce: kai ba ka jin labarai ne? Ina ji mana. Tun a Disambar 2024 kamfanin Textron, wanda ya sayi Arctic Cat a 2017 kan kuɗi dala miliyan 247, ya sanar da cewa zai dakatar da aiki a masana'antar Thief River Falls da kuma ta injuna da ke St. Cloud, yana neman yadda zai rabu da sashen. Ana cikin haka aka ji ma'aikata 385 za su rasa aikinsu, a garin da mutanensa ba su kai 9,000 ba. A nan jihar Minnesota ta Amurka, inda masana'antun suke, maganar da ake yi ke nan a gidajen mai da shagunan kayan gyara. Da idona a buɗe na shiga cinikin, kuma har yau ban yi da-na-sanin babur ɗin ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne, kuma ba wanda ya gargaɗe ni a kansa, domin kowa hankalinsa na kan kamfani.

Ni da ma ba sayen sabo na fita yi ba. Ina da wani tsoho da na saya hannu na biyu, yana kai ni yana dawo da ni. Wani dila a arewacin jihar ya shirya ranar gwaji, maƙwabcina kuma, wani dattijo Bature da ko zuwa coci da koren jaket ɗin Arctic Cat yake zuwa, ya matsa sai na raka shi. A makonnin da suka gabata na riga na hau baburan abokan hamayyarsa, Polaris da Ski-Doo, a wasu wuraren, babu abin kushewa a cikinsu, masu su na da hujjar son su. Sai aka miƙo mini Arctic Cat samfurin ZR mai inji 858cc a kan sabon gangar jikin nan da suke kira Catalyst.

Na hau da shirin in tausaya masa, kamar mai zuwa duba mara lafiya. Kwana ta farko ta cire mini wannan tunani. Wanda ya saba da tsofaffin babura ya san yadda ake kokawa da kan babur a kwana, kana jingina jikinka ciki, takalmin gaba (abin sulɓi da ke madadin taya) na ɓangaren ciki yana neman ɗagawa, kafaɗunka suna biyan kuɗin. Wannan kuwa inda na kalla nan ya nufa. Kamfanin ya ce ya rage masa nauyi da kusan kashi 10 cikin ɗari, ya tattaro inji da tankin mai zuwa tsakiya kusa da mahayi, ya kuma sauya akwatin sarƙa da bel. A takarda waɗannan duk surutun talla ne. A kan hanya kuwa ka ji su a gwiwoyinka: ka miƙe tsaye a gargada babur ya biyo ka, ka zauna ya natsu. Injin kuma da ka taɓa totur da babban yatsa yake amsawa, babu jan ƙafa daga ƙasa. Na tsaya a bakin wani tafki da ya daskare, na ɗaga gilashin hular kwano, numfashina ya daskare a gemuna nan take, na ce a raina, yanzu masu ƙera wannan abu ne ake sallama?

Game da gwajin kansa, akwai abubuwan da nake ganin mutane na sakaci da su. Yawancin masu zuwa ranar gwaji miƙaƙƙiyar hanya suke nema su danne totur har ƙarshe, su dawo suna washe baki. Wannan ba ya gaya maka komai, domin a hanyoyin gwamnati na Minnesota iyakar gudu mil 50 ne a sa'a, kuma kowane babur na zamani yana kaiwa nan kafin ka ƙifta ido. Ni na jira sai da la'asar, bayan an tattake hanyar ta yi kwazazzabai, sannan na nemi a sake ba ni. Da safe, bayan motar gyaran hanya ta wuce, ko akwala daɗin hawa gare ta. Na kuma durƙusa na leƙa ƙarƙashinsa: na gwaji an dasa masa ƙusoshi a bel ɗin baya, ƙarafan da ke ƙarƙashin takalman gaba ma dogaye ne, ba irin waɗanda yake fitowa da su daga masana'anta ba. Rabin riƙon hanyar da ka ji daga nan yake, kuma kuɗinsa daban ne. Ka tambayi nauyin wa aka saita wa shokozoba. Ka duba gilashin gaba, don gajere kyau gare shi a hoto amma iska za ta yanka ka a ƙirji. In da hali, ka sa a tayar maka da wanda ya kwana a waje, ba wanda ya yini yana aiki ba.

Dilan ya ga fuskata ya san an kama kifi. Ragin da ya yi mini na dubban daloli ne, irin wanda ba a gani a shekarar da abubuwa ke tafiya daidai. Dalili a bayyane yake. Lokacin sanyi na 2023 zuwa 2024 shi ne mafi ɗumi da aka taɓa rubutawa a jihar, hanyoyi da dama ko buɗe su ba a yi ba, babura suka yi kwantai a shaguna, dilolin kuma da bashin banki suke ɗaukar kaya, kowane wata ruwa na hawa. Na bayansa ma dusar ba ta taka kara ta karya ba a yawancin jihar. Ga kuma Yamaha, wanda tun 2013 yake da yarjejeniya da Arctic Cat ana haɗa masa wasu babura a Thief River Falls, ya sanar tun 2023 cewa samfurin 2025 ne na ƙarshensa a wannan harka. Masana'anta ta rasa babban abokin ciniki, shaguna sun cika maƙil, sama kuma ta ƙi zubo da ƙanƙara.

Mu da muka tashi a Kano mun san tambayar da ake fara yi kafin a sayi mota: akwai kayanta a Ƙofar Ruwa? Ita na yi wa dila, na kuma maimaita. Ya nuna mini sanarwar Textron cewa za a ci gaba da samar da kayan gyara da cika alƙawarin garanti. Sannan ya dafa ƙirji ya ce ko kamfani ya mutu ko ya rayu shi yana nan, mahaifinsa ne ya buɗe shagon, a nan za a binne shi. Ya ƙara mini da sabis na farko kyauta, da bel na ajiya, da marufi, da dasa ƙusoshi a rabin kuɗi in kaka ta zo. Duk da baki. Muka yi musabaha, ya ba ni kofi.

A hanyar dawowa dattijon maƙwabcina ya cika ni da tarihi. Edgar Hetteen, wanda yake cikin waɗanda suka kafa Polaris a Roseau, shi ya bar can ya zo Thief River Falls a 1960 ya fara abin da ya zama Arctic Cat. A 1981 kamfanin ya karye, bayan shekarun ƙarancin ƙanƙara da tsadar ruwan bashi, har aka yi shekarar da ba a fitar da sabon babur ko ɗaya ba. Tsofaffin ma'aikatansa suka haɗa kai suka tayar da shi da sunan Arctco, sai a 1996 ya koma amsa sunan Arctic Cat. Dattijon ya ce shi ya ga jana'izar farko, kuma gawar ta tashi ta yi tafiya, don haka wannan ba ta girgiza shi. Uwargida kuwa da na isa gida da tirela a bayan mota, kallo ɗaya ta yi wa koren abin ta ce, "Maigida, wannan ba shi ne ka ce kamfaninsu zai rufe ba?" Na ce shi ne. Ta ce, "To Allah ya sa alheri," irin faɗar da ka san ba a gama maganar ba.

Sauran makonnin sanyin na more su, ba sai na ja zance ba. Matsala ɗaya da na riƙa lura da ita ta ƙarancin dusa ce, wadda ta shafi kowane irin babur: injin da dusar da bel ɗin baya ke watsawa yake hucewa, in hanya ta zama ƙanƙara tsagwaronta sai zafi ya hau, robobin da bel ke gogawa a kai su ci wuta. Na sa masa ƙarafan nan masu karce ƙanƙara, na riƙa ratsewa gefe inda dusa ke da laushi, shi ke nan.

A ƙarshen Afrilun 2025 labari ya fito cewa an sayi Arctic Cat. Brad Darling, shugaban kamfanin Argo na Kanada, wanda ya daɗe yana aiki a Arctic Cat kafin nan, shi ya jagoranci masu zuba jarin da suka karɓe shi. Ranar wayata ba ta huta ba, waɗanda suka yi mini dariya su ne masu taya murna. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, har na tura wa wani abokina ɗan Damagaram labarin ba tare da na rubuta ko kalma ba, domin shi ya fi kowa zolaya.

Sai na kira shagon in sa ranar sabis. Waya na ta ringin. Na sake kira bayan kwanaki, aka ce layin ba ya aiki. Da na je, ƙofa a garƙame, an liƙa wata farar takarda a gilashi ana gode wa abokan ciniki na shekaru masu yawa. Ta taga ina hango sawun tayoyin kurar da aka kwashe babura da ita a kan siminti, da kalandar bara a bango. Mutumin da ya ce a nan za a binne shi ko saƙon tes bai turo ba.

Ba na cewa ɓarawo ne. Na san shekara biyu ba ƙanƙara ta isa ta karya ƙaramin shago, kuma wataƙila ranar da ya dafa ƙirjin nan shi kansa yana fatan abin ya zama gaskiya. Amma ya san halin da littafinsa ke ciki, ni ban sani ba, kuma ya ga da me nake auna cinikin. Sabis kyauta, bel, marufi, ragin ƙusoshi, duk sun bi iska, tunda babu ko ɗaya a rasit. Wannan ma mai sauƙi ne. Garanti na nan daram, sai dai aikin garanti sai a shagon da kamfani ya amince da shi, kuma wanda ya fi kusa da ni yanzu tafiyar sa'o'i ce da tirela, zuwa ɗaya a kai, zuwa ɗaya a ɗauko. Can kuma ni baƙo ne. Duk shagon duniya wanda ya saya a wurinsu shi ke gaba a layi, kuma lokacin hawa a shekara ɗan ƙanƙani ne: babur ya yi mako uku a shago a watan Janairu, an cinye maka babban rabo.

Shi ya sa duk wanda ya tambaye ni yanzu ko ya sayi kayan kamfanin da ke tangal-tangal, sai in ce masa ya rage karanta labarin masu hannun jari, ya je bayan shagon ya duba. Makanikai nawa ke aiki? Kantocin kayan gyara a cike suke ko rabi? Dilan yana sayar da wani abu da rani, kamar jiragen ruwa ko injin yankan ciyawa, ko ƙanƙara kaɗai yake jira? Ragi in ya yi yawa ka tambayi kanka wa ke cikin matsi, masana'anta ko mutumin da ke gabanka. Ka buɗe taswira ka ga inda shago na biyu yake tun kafin ka ba da kafin alƙalami. Kuma duk kyautar da aka ambata, ko dai ta shiga rasit, ko ka loda ta a mota a ranar. Bel ɗin nan yana rataye a bango ina kallonsa, ya ce in bari sai na kawo sabis ya haɗa mini duka. Har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni.

Kamfanin dai ya fitar da jerin baburan 2026, an kuma koma aiki a Thief River Falls. Ban ɗauka an tsallake siraɗi ba. Yanzu ba shi da aljihun Textron a bayansa, ba shi da aikin Yamaha, abokan hamayyarsa kuma, Polaris da BRP mai Ski-Doo da Lynx, sun fi shi girma nesa ba kusa ba. Sannan sayen kamfani ba ya dawo da dilolin da suka rufe ko suka koma sayar da wani suna a watannin ruɗanin nan. In aka sake jera shekaru biyu sama ba ta zubo da komai ba, ƙananan shaguna ne za su sake fara faɗuwa.

Makaniken tsohon shagon na gano inda ya koma, yana aiki a garejin gidansa da yamma. Shi ke yi mini ƙananan abubuwa, da kuɗi ba kyauta ba, kuma da na tambaye shi yaushe su suka san za a rufe, ya ce tun kafin Kirsimeti aka daina yin odar kaya.